Jinkar Rudu a Bisa Katangarmu

Kajina daga Rabah na zo da su. Ranar da aka kawo ni Wurno, cikin kayana har da wani kwando rufe da tsohon zane, a ciki kaza mai wake-wake da jan zakara, kyautar Innata. Inna ta rasu bayan 'yan shekaru, kajin kuwa suka yi ta yaɗuwa har tsakar gida ya yi musu kaɗan. Cikin jikokin waccan kaza akwai guda da ta ɗauko kamanninta sak, har da ɗan tukkun nan a ka da tafiyar ƙasaita. Duk sanda na gan ta tana tono a gindin randa sai in ji kamar Inna ce ta aiko a duba ni.

Ba su da wurin kwana. Wasu a ƙarƙashin rumbu, wasu a cikin fasasshiyar tukunya, manyan kuma su haye dogon yaron da ke jikin katangar baya. Muzuru ya mayar da gidanmu mahauta, shirwa kuma tana zuwa kamar ma'aikaciyar da ba ta makara. Ga damina tana matsowa.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga wata malamar asibiti ce, Kirista daga wajen Zuru. Tana da akurki na katako da waya da rufin kwano, wani kafinta a Goronyo ya haɗa mata. Kajinta suna kwana kamar matan gwamna. Ni kuwa da na girma da littattafan soyayya na kasuwa, waɗanda muke karɓar haya muna ɓoyewa cikin hijabi, na san abin da namiji yake yi idan yana son mace. Gini yake yi mata. Bene mai hawa biyu, da furanni a bakin ƙofa, ya rufe mata ido da tafin hannu ya kai ta, sannan ya buɗe. Da zama ya yi zama na rage buri. Na sauko daga bene zuwa shigifa, daga shigifa zuwa ɗakin girki mai ƙofa. A ƙarshe na tsaya a kan akurki. Na ce ko shi ne a yi mini sabo, a ce don ni aka yi.

Maigidana manomin albasa ne, mutumin kirki, mai ƙarancin magana. Aibinsa ɗaya: bai yarda akwai abin da ya gama amfani a duniya ba. Tsohuwar tayar keke, murfin buta, takalmi ƙafa ɗaya, duk suna da wurin zama a ɗakinsa suna jiran ranarsu. Da na kawo masa maganar akurki bayan ya gama shan fura, sai ya dube ni kamar na ce a sayo jirgi.

"Sabo? Don mi za a yi sabo, ga rudun Baba can hwadama shina zaune banza?"

Rudu shi ne rumfar da ake ajiye albasa bayan an cire ta: dirkoki a ƙasa, shimfiɗar itace a sama, zana a kewaye, sai jinka ta ciyawa a bisa. Na mahaifinsa marigayi yana can fadama ta hanyar Kwargaba, an daɗe da daina zuba komai a ciki.

Na ce, "Malam, rudu na albasa na, ba na kaji ba."

"Albasa ta kwana ciki shekara da shekaru, ba ta taɓa kai ƙara ba."

"Albasa muzuru na cin ta?"

Ya ce dirkoki da zana amalanke zai kwaso su, jinka ce kawai za a ɗauko ɗungurungum, kuma wannan aikin gayya ne, gayya kuwa ba a biyan kowa. Abinci kawai. Ya faɗi "kawai" ɗin nan da sauƙi, irin na mutumin da bai taɓa hura wuta ba.

Mai kiran gayya a danginsu yayansa ne. Yaya ƙato ne mai murya, an san shi tun daga Wurno har ƙauyukan gefen gulbi. Ba a taɓa ɗaga jinka ko tura motar da ta maƙale ba shi ba, amma tun da nake ban taɓa ganin gammo a kansa ba. Aikinsa sanda da tsawa. Shi ya aiko da saƙo cewa maza za su fito, amma kada a kunyata gida, don gayyar da aka ba tuwo tsura sai an yi shekara ana labarinta a bakin masallaci.

Da safiyar ranar ina tankaɗe a madafi sai na ji an ce, "Hasken gidana."

Na waiga in ga ko wani baƙo ne ya shigo da matarsa. Maigidana ne, tsaye yana murza hula. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa kirana da abin da ya wuce "ke" ba, sai ranar sallah ya ce "ke wance". Ashe duk karatun da nake yi a fili ina kishingiɗe, yana can yana gyaran buhu, kunnensa na aiki. Wallahi sai da rariya ta kusa faɗuwa daga hannuna. Na ji sanyi ya ratsa ni tun daga ƙafa. Na ce yau ga shi, shafin da nake jira ya zo.

"Hasken gidana, zakarun ga biyu, ai sun isa yanka."

Na ba shi. Mace ba ta jin irin wannan kalma sau ɗaya a shekaru ta tsaya ciniki.

Da hantsi na ji hayaniya, na hau turmi na leƙa ta bisa katanga. Ga jinka tana tafe a kan hanya kamar ƙaton kunkuru mai ƙafafu da yawa, wasu da silifa, wasu ba takalmi. Mazan da ke ƙarƙashi ba su ganin gabansu. Yaya yana gaba yana tafiya da baya, fuskarsa na kallonsu, yana ɗaga sanda yana cewa, "Dama! Dama nic ce!" Damarsa kuwa hagunsu ce. Rabinsu suka bi bakinsa, rabi suka bi sandarsa, jinka ta yi juyi biyu a tsakiyar hanya ta bi ta kan waken da wata tsohuwa ta shanya. Tsohuwar ta bi su da zagi har ƙofar gidanmu, zagi mai tsari, tana ambaton kowa da kakansa, don ta gane su ta ƙafa.

Suka iso zaure suka tsaya.

Ƙofar zaurenmu, in jaki ya ɗauko buhu biyu sai an sauke ɗaya kafin ya shige. Jinkar kuwa ta isa ta rufe ɗaki. Maza sun fi ashirin, cikinsu har da mai gyaran injin ban ruwa da wanda ya taɓa aikin gini a Sakkwato, ba wanda ya tuna cewa abin da aka ɗauko daga fili cikin gida za a shiga da shi. Suka sauke ta a lungu, suka kewaye ta, kowa ya riƙe ƙugu. Wani ya ce a karkata ta. Wani ya ce a karkata zauren. Ana cikin shawara ƙamshin miya ya fito, sai Yaya ya ce magana irin wannan ba a yanke ta da yunwa. Aka fitar da kwanoni. Na ji yadda ake tsotsar ƙashin zakaruna ta cikin zana, wani yana cewa, "Kai, matar ga ta iya hannu." Da kwanoni suka dawo ko alamar mai babu, kuma ba wanda ya sake tada maganar ƙofa. Aka yi addu'a aka watse.

Jinka ta zauna a lungu. Awakin unguwa suka samu walima. Masu babur suna zuwa su yi ƙaho su juya suna surutu, jakuna kuwa suka ƙi wucewa sam, sun ɗauka wani abu ne zai tashi. Mai unguwa ya aiko a gaishe da maigidana, gaisuwar da kowa ya san ma'anarta.

Na ce masa, "Malam, a kwance ta mana, a shigo da ita kaɗan-kaɗan. Ko a bar wa awaki, a yi min ɗan ƙarami da ƙasa."

Ya ce, "Ɗaurin Baba na. Da hannunai yaɗ ɗaure ta, ina riƙe mai igiya. In anka kwance, wa za shi maida ta yadda take?"

A nan ban yi dariya ba. Na san abin da yake ji, don ni ma abin da nake ji ke nan in na dubi mai wake-wake. Bambancin kawai, tasa ciyawa ce ba ta mutuwa, nawa kuwa ana cinye su.

Yaya ya zo da sabuwar dabara: a zagaya da jinka ta gidan malamar asibiti, wanda ƙofarsa faɗi gare ta saboda mota, a ɗaga ta bisa katangar baya, a sauke cikin gidanmu. Gayya ta biyu ke nan. Sai dai labarin miyata ya riga ya tafi. Mutanen da suka fito wannan karon sun ninka na farko. Har daga Kwargaba aka zo a kan babura, uku-uku. Na ga wani dattijo da ko buta ba ya iya ɗagawa sai jikansa ya kama masa, shi ma ya zo taimako. Wasu ba su zo da gammo ba, amma na lura sun wanke hannu tun daga gida.

Maigidana ya sake tsayawa a bakin madafi. Wannan karon ya yi shiri.

"Hasken gidana. Tauraruwa ta."

Ya tsaya yana neman ta uku a cikin kansa, bai samu ba, sai ya nuna 'yan matan kajin da ke kiwo a gindin rumbu. Na ce waɗannan ko ƙwai ba su fara ba. Ya ce ai don su ake wahalar nan duka. Na tambaye shi, in an yanka su, wa zai kwana a ciki? Ya ce kada in zama mai gajeren tunani, kaji ai haihuwa suke yi. Yaya kuma daga zaure yana wasa wuƙa a bakin dutse, yana tambaya ko ruwan zafi ya tafasa.

Aka yanka su, har da tsohon jan zakara da ya rage, wai kada miya ta yi ƙaranci. Na fige su da hannuna. Waɗanda na ba tsaki tun suna kamar ƙwallon auduga, na san wadda ke tsoron tsintsiya, na san mai satar tuwo. Ina figa ina hawaye. Wata 'yar uwarsa da ta zo taya ni ta tambayi lafiya, na ce albasa ce. Auren manomin albasa yana da wannan amfani, ba a rasa abin da za a ɗora wa kuka.

Aka ɗaga jinka. Rabin maza a gidan malama, rabi a namu, Yaya a kan wani benci yana ba da umarni ga ɓangarorin biyu da ba su ganin juna. "Ku tura! Ku kuma ku ja! A'a, ku dakata! Wa yac ce ku dakata?" Jinka ta hau katanga da ƙyar, ta yi tsaye, sai ƙoƙuwarta ta shige cikin rassan dogon yaro ta maƙale. Aka tura, ta ƙi. Aka ja, reshe ya ja. Dogon yaron nan yana wurin tun kafin a haifi yawancinsu, amma suka tsaya suna kallonsa kamar yanzu ya tsiro don ya ɓata musu rai.

Sai aka kira azahar. Bayan salla aka ce a ci abinci tukuna. Bayan abinci kuwa ba wanda hannunsa ke iya wuce kafaɗarsa. Yaya ya sakace haƙori ya duba sama ya ce aikin ya ƙare ai, saura ɗan reshe, wannan ko gobe. Aka yi addu'a aka watse.

Da yamma malamar asibiti ta dawo daga aiki. Na ji ta tsaya, sannan ta ɗaga murya: "Maman gida! Katangarmu ce ta yi sabuwar hula? Ba ku gaya mini ana biki ba."

Na ce, "Malama, akurki ne."

"To ina kajin?"

Na ce suna cikin mutanen Kwargaba.

Abin da ya rage mini mai wake-wake kaɗai. Ita ma don tana kwanci ne a cikin fasasshiyar tukunya, ba wanda ya gan ta. Gabas ta fara haɗa baƙi da la'asar, iska tana kawo ƙamshin ƙasa. Mai gidan da malama ke haya ya aiko cewa in ruwa ya sauka jinka ta jiƙe ta yi nauyi, katangarsa ce za ta tafi.

Wannan karon Yaya da kansa ya shigo. Aka shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa daga nesa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya tambayi gida, ya tambayi mutanen Rabah, ya yaba miyata har sau biyu. Maigidana yana gefe yana tsinke zaren tabarma.

"Ƙanwata, aiki ya zo ƙarshe. Mutane kaɗan za mu kira, masu ƙarhi. A sare reshe, a sauke, shi ke nan. Kaza guda ta isa."

"Yaya, babu kaji."

"An ce akwai wata cikin tukunya."

Na dubi maigidana. Ya ƙara himma a kan zaren tabarma.

"Kwanci take, Yaya. Saura kaɗan ta ƙyanƙyashe."

"To mi? Ƙwan a dahwa ma yara. Ke dai ba ki son a ce an zo gidan ƙanena an ci tuwo kamar gidan makoki."

Ba a musu da yayan miji. Na ce Allah ya kai mu. Da ya fita, maigidana ya biyo ni madafi, ya gyara murya.

"Hasken..."

"An ɗauke wuta, Malam."

Na ce masa zakaruna sun tafi, 'yan matan kajina sun tafi, duk na yafe. Wannan ta Inna ce. In yana son nama a gayyarsa, ga akuyar Yaya can ta cinye rabin jinkar, ita ta fi kowa cin amfanin aikin.

Da asuba na ɗauki mai wake-wake da ƙwanta a cikin babbar ƙwarya, tana saran hannuna, na tura ta ƙarƙashin gadona. Na sa kwaɗo a ƙofa, na ɗaure makulli a bakin zanena. Na tuƙa tuwon dawa mai kyau, ba gudaji. Na kaɗa miyar kuka da daddawa, na zuba albasa har ta fi kukar yawa, tun da dai ita muke da ita. Ban yi rowa ba. Abin da babu ne kawai babu.

"Mutane kaɗan" ɗin Yaya suka cika zaure har waje. Wannan karon sun koyi darasi, suka ce a fara da abinci a samu ƙarfi. Aka fitar da kwanoni, na tsaya a bayan zana.

Na ji an buɗe murfi. Na ji bisimilla. Sai shiru, irin shirun da ake yi in liman ya manta aya. Ta ɓular zana na hango wani yana yawo da yatsa cikin miya a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai neman zobe a rijiya. Wani ya ɗaga malmalar tuwo ya leƙa ƙarƙashinta.

Yaya ya ɗaga murya. "Ƙanwata! Ko an mance da wani kwano ciki?"

"Ba a mance ba, Yaya. A ƙaro miya?"

Ba wanda ya ce a ƙaro. Suka ci dai, don tuwo ba ya laifi. Daga nan uzuri ya fara sauka. Wani ya tuna ana suna a gidan surukansa. Wani jakinsa ya ɓata tun jiya, yanzu ya tuna. Mai aikin gini ya dafa baya ya ce likita ya hana shi ɗaga hannu sama. Yaya ya tashi ƙarshe, ya kakkaɓe riga, ya ce wa ƙanensa da ƙarfi don in ji, gidan da mace ke riƙe da makulli shi ba ya sa baki a aikinsa. Ko addu'a ba a yi ba.

Maigidana ya shigo da kwanonin da kansa, ya ajiye, bai dube ni ba. Ya yi kwanaki yana magana da ni ta hanyar buta da tabarma: in ya ajiye buta da ƙarfi, ruwa yake so. A masallaci an yi labarinmu yadda Yaya ya yi alkawari. Maigidana ya sa dirkoki biyu ya tokare jinkar ta ɓangarenmu don kada katanga ta tafi, ya ce na wucin gadi ne. Ruwa ya sauka, katanga ba ta faɗi ba. Malama ta gano cewa ta ɓangarenta jinkar ta yi inuwa mai kyau, ta koma ajiye babur ɗinta a ƙarƙashi, har ta aiko mini da sabulu don godiya.

Ɗakina ya yi wari, ba zan ɓoye ba. Turaren wuta ya yi iya ƙoƙarinsa ya gaji. Amma wata safiya ina kwance na ji ƙaramar murya a ƙarƙashin gado, sai wata, sai wata. Na jawo ƙwarya. Duk sun fito sai ƙwai ɗaya, wasu rawaya, wasu baƙi-baƙi, biyu da alamar tukku.

Na fito da su tsakar gida bayan ruwa ya ɗauke, rana ta fito sabuwa, ƙasa tana tururi. Uwar tana gaba tana ƙoƙ-ƙoƙ, su suna bin ta suna faɗuwa. Maigidana ya fito da buta, ya gan su, ya ajiye butar a hankali. Ya tsuguna. Ya miƙa yatsa, ɗaya ya hau. Na ga fuskarsa ta yi laushi yadda ban taɓa gani ba, ya ɗago ya dube ni, idonsa har da ɗan ruwa-ruwa. Zuciyata ta buga. Na gyara ɗankwali.

"Ma sha Allah," in ji shi. "Ke, kin yi dabara da kinka ɓoye ta." Ya dubi 'yan tsakin, ya ɗaga kai ya dubi jinka a bisa katanga. "In waɗanga sunka girma, bayan kaka, sai mu kira gayya a ƙarasa aikin."

Na karɓe ɗan tsakon daga yatsansa na mayar wa uwarsa. Na kora su ɗaki na sa kwaɗo. Sannan na shiga ɗakinsa, na tsallake tayar keke da murafan buta, na ɗauko fartanya da tsohon bokiti, na nufi bayan rumbu inda jar ƙasa take. Ban taɓa gini ba, amma na sha ganin yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, ciyawa kuwa ga ta nan a bisa katanga, ba sai na yi nisa ba.